Intrepid 4x5 da inlajarta: kyamarar katako a gaban duwatsun Zariya da Filato

Abin da zai iso maka a kwali, idan yana naɗe, bai fi babban ƙamus girma ba. Allo ne biyu na katakon filawud, ɗaya a gaba ɗaya a baya, zugazugi ya haɗa su, sai gindi na alminiyam da 'yan maɗaurai da ake murzawa da hannu. Babu batir, babu lensi, babu maɓallin ɗauka. Nauyinta duka kilo ɗaya ne da 'yan kai. Wanda ya saba da kyamarar zamani zai yi ta juya kwalin yana neman inda sauran kayan suka maƙale, alhali iyakarsu ke nan.

Kamfanin Intrepid yana birnin Brighton a kudancin Ingila, kuma ya fara ne a 2014 da kuɗin da jama'a suka tara masa ta shafin Kickstarter. Har yau kyamararsu tana cikin mafi araha a sababbin kyamarorin babban fim. Ni na saye ta tare da kayan da ke mayar da ita inlaja, wato injin da ke haska nagatif a kan takarda a ɗakin duhu, kuma a kan su biyun zan yi magana, don ban ga hikimar raba su ba. Wanda hotonsa a waya zai ƙare, gara ya riƙe kuɗinsa tun yanzu.

Fim ɗin wannan kyamara ba naɗi ba ne. Falle-falle yake zuwa a kwali, 25 ko 100, kowane falle inci 4 da inci 5. Faɗinsa ya ninka na fim mai milimita 35, irin wanda muka sani a situdiyo da wuraren biki, sama da sau 13. Ana zura shi a kube mai fuska biyu, falle ɗaya kowace fuska, kowace da marfinta da ake zarewa. Idan ka fita da kube uku, hoto shida ke gare ka yinin ranar, ba ƙari.

Kada arahar akwatin ta yaudare ka, don ita ce ƙaramin kaso a lissafin. Sai ka nemi lensi, kuma a wannan aji shota, wato ƙyauren da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, tana jikin lensin ne, ba jikin kyamara ba. Mai milimita 150 shi ne daidai da ganin ido a wannan fim, shi ya kamata a fara da shi. Fujinon, Nikkor, Schneider, Rodenstock, duk wanda ka samu mai lafiya zai yi maka aiki. Galibinsu an daina ƙera su, sai na hannu, kuma 'yan kasuwar Japan ne suka fi kawo masu tsabta. Kyamarar tana karɓar allon lensi samfurin Linhof Technika, wanda ya cika kasuwa, zugazuginta kuma yana ɗaukar lensi daga milimita 75 zuwa 300. Bayan lensi akwai kube, sandar ƙafa uku mai ƙwari, ma'aunin haske, madubin ƙara girma, igiyar latsawa da baƙin mayafi. Mayafin kam tela ne ya ɗinka mini, baƙi a ciki fari a waje, kuma duk wanda zai tsaya a ranar Zariya da kai a lulluɓe zai gode wa farin nan.

Bari in kai ku gindin Dutsen Kufena da la'asar, bayan an yi girbi. A gabana karan dawa ne a tsaye, bai fi taku biyu da ƙafar kyamara ba, dutsen kuma yana can nesa. Ka buɗe lensi gaba ɗaya a f/5.6 (lambar faɗin ƙofar haske ce, tana hawa ƙofar tana matsewa), ka shiga mayafi, sai ga duniya a kan gilashin baya, a kife, dama ta koma hagu. Wani dattijo da ke ɗaure dami ya matso yana kallon ikon Allah, na ce masa, "Baba, bismilla, leƙa ka gani." Ya daɗe a ciki, ya fito yana gyara hula ya ce, "Yaro, ai ka kifar mana da dutsen." Wannan kifewar tana da amfani, don ido yana daina ganin dutse da bishiya, ya koma ganin inda nauyin hoton ya karkata.

A nan ne kyamarar take biyan kuɗinta. Da kyamarar da lensinta ke kafe, ko dai karan ya fito tar dutsen ya dushe, ko akasin haka, sai dai ka matse ƙofar haske har hoton ya fara laushi. A wannan kuwa, sassauta maɗauri kake yi, ka sunkuyar da allon lensi gaba kaɗan, 'yan digiri kawai. Da ka yi haka, layin kaifin da yake tsaye kamar bango sai ya kwanta ya bi ƙasa, daga ƙafarka har gindin dutse. Wani hafsan sojan Ostiriya, Theodor Scheimpflug, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1904, kuma da sunansa ake kiranta. A aikace ba lissafi ake yi ba. Ka ɗora madubi a kan dutsen ka saita, ka sauko kan karan ka sunkuyar, ka koma dutsen ka sake saitawa, haka har su biyun su tsaya tare. Haka nan idan kana son tsayin kuka ko hasumiya, ba ɗaga hancin kyamara ake yi ba, don gini zai fito kamar zai faɗi ta baya. Allon gaban ake turawa sama, bayan yana nan a miƙe.

Duk waɗannan motsi a Intrepid da hannu ake yin su, maɗauri ne ke riƙe su, babu haƙoran giya da za su tafi da kai a hankali kamar a Sinar ta situdiyo. Haka aka ƙera ta, kuma da wannan aka sayi rashin nauyi da araha. Ladabin da take koya maka shi ne ka sake duba gilashi da madubi bayan ka ɗaure komai, ba kafin ba. Maɗaurin saita kaifi yana baya, kusa da hannunka kana cikin mayafi, bayan kuma yana juyawa daga tsaye zuwa kwance ba sai ka cire shi ba. Waɗannan biyun na yaba musu ƙwarai.

Daga nan sai jerin da ba a tsallake ko ɗaya: rufe lensi, matse ƙofa zuwa f/22, ɗana shota, zura kube, zare marfi, jira iska ta lafa, latsa igiya, mayar da marfi da baƙin gefensa a waje don ka san an ɗauka. Wanda ya zare marfi lensi na buɗe ya yi asarar falle, ba wanda zai tausaya masa.

Maganar iska ba wasa ba ce. Zugazugin kowace babbar kyamara yana kama iska, mara nauyi kuwa ta fi jin ta. A tsaunukan Shere ko wajen duwatsun Riyom a watan Disamba, iskar Filato ba ta sassautawa. Ana rataya jaka a tsakiyar ƙafa uku, a tsaya ta ɓangaren da iskar ke zuwa da lema a buɗe, ba tare da ta taɓa kyamarar ba. Toyo 45A ta ƙarfe ko Linhof ta Jamus, masu kusan kilo uku, sun fi zama daram. Chamonix ta China ta fi laushin aiki a hannu, kuɗinta kuma ya ninka. To amma duk wanda ya taɓa hawa dutse da kube shida da ruwan sha da ƙafa uku a kafaɗa ya san darajar kilo biyun da aka rage masa. Ni dai na zaɓi lema.

Wani abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba shi ne hazo. Za ka karanta cewa jar filta tana yanke dushin nesa, ta baƙanta sama, gajimare ya fito fes. Gaskiya ne, a ƙasar da dushinta shuɗi ne. Hazon hunturu ƙura ce tsagwaronta a sararin sama, ba ruwanta da launin filta. Za ka yi asarar mataki uku na haske (kowane mataki yana rage rabin hasken), samanka ta fito fara fat yadda take. Lokacin faɗin fili da nisan zango shi ne ƙarshen damina, daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba, iska a wanke, gajimare a tsattsaye. A nan filta mai ruwan goro ta wadatar. Da hunturu kuwa sai a matso kusa: kukar da ta zubar da ganye, tsagar dutse, turken dabbobi, ko a bar hazon kansa ya jera tsaunuka baya da baya, kowane ya fi na gabansa haske. Wasu daga hotunan da na fi so da hazo aka yi su, bayan na daina faɗa da shi.

Fim ɗin da na tsaya a kai shi ne FP4 Plus na Ilford, mai saurin 125, wato lambar da ke nuna yadda fim ke saurin kama haske. Ƙa'idar auna haske tsohuwa ce: nemi inuwa mafi duhu da kake son a ga abin da ke cikinta, auna ta, ka rage mataki biyu. Da f/22 da filta da rana ta yi ƙasa, za ka ga lokacin ya haura daƙiƙa guda, kuma daga nan fim yana fara kasala. Bisa lissafin da Ilford suka bayar, idan ma'auni ya ce daƙiƙa 10, FP4 yana son kusan 18. Fomapan 100 na ƙasar Cek ya fi sauƙin kuɗi, mutane da yawa da shi suke koyo, sai dai takardar bayaninsa da kanta ta ce a ninka daƙiƙa 10 sau takwas. Da rana tsaka ba damuwa, da magariba sai mai haƙuri.

Yanzu ƙura, wadda ita ce babbar abokiyar gabar wannan sana'a a ƙasarmu. Ƙwayar ƙura ɗaya da ta zauna kan falle kafin a ɗauka tana tare haske, wurin ya fito wasai a nagatif, a takarda kuma ya zama baƙin ɗigo a tsakiyar sama. Farin ɗigo ana cike shi da burushi da tawada, baƙi kuwa sai dai a kankare. Saboda haka a banɗaki nake loda fim, da dare, bayan na yayyafa ruwa a ƙasa na jira ƙurar ta kwanta. A hure kube ciki da waje, a ɗauki falle ta gefe, a laluba 'yan tsage-tsagen da ke bakinsa. Idan falle na tsaye kuma tsagen yana sama ta hannun dama, fuskar da ke ɗaukar hoto tana kallonka. Kowane kube ya shiga ledarsa mai zif, ba ya fitowa sai zai shiga kyamara. Kuma da hunturu a riƙa zare marfi a hankali, don busasshiyar iska tana sa roba ta ja ƙura da kanta.

Wanki kuma rigimarsa zafi ne. Duk lokutan da ke jikin kwali a kan digiri 20 aka gina su. FP4 a sinadarin ID-11, rabi sinadari rabi ruwa, minti 11 ne. To ruwan tankin da ya yini a saman rufi a watan Afrilu ya wuce digiri 30 nesa ba kusa ba. Ruwan randa nake ɗiba, in jefa ƙanƙara a ƙulle cikin leda, in tsaya da ma'aunin zafi. Ba dole sai 20 cif ba, ana iya aiki a 24 a rage lokaci bisa jadawalin kamfanin, muddin bai gaza minti biyar ba, don ƙasa da haka wankin ba ya fita daidai. Abin kiyayewa shi ne ruwan wanki da na tsayarwa da fiksa mai kafe hoto da na ɗauraya su kasance kusa da juna. Fim ya fita daga sanyi ya faɗa ɗumi, fuskarsa na iya yamutsewa. Ina amfani da ƙaramin tankin SP-445 na Stearman Press, mai cin falle huɗu da ƙasa da rabin lita, wanda da an rufe shi sai a kunna fitila. Ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa nake yi, irin wanda ake ƙara wa batir, saboda ruwan burtsatse yana barin tabo. A tabbata dai tataccen ruwan aka ba ka, ba mai asid ba.

Sai inlaja, wadda ita ce dalilin da ya sa nake ganin wannan kaya ya dace da mu fiye da yadda ya dace da Baturen da ya ƙera shi. Inlajar 4x5 ta asali, irin De Vere 504 ko Beseler 45, ƙarfe ne mai nauyin gaske da tsayi, kuɗin ɗauko shi kaɗai ya isa ya kashe maganar. A nan kuwa gilashin bayan kyamarar ake cirewa, a maƙala fitilar LED mai faɗin falle a gurbinsa, a zura nagatif a maƙalinsa, a sa lensin bugu mai milimita 135 ko 150, a juya kyamarar ta kalli ƙasa. Akwai ɗan agogo da ke kunna fitilar ya kashe ta a daƙiƙar da ka saita. Ba ta zafi, ba ta cin wuta, ƙaramin inbata na sola yana riƙe ta har dare ya raba. Akwai maƙalai na fim mai milimita 35 da na naɗi mai faɗi da ake kira 120, don haka tsofaffin nagatif ɗin bikin gida ma sun samu shiga.

Wahalarta ɗaya ce, kuma ta kowace inlajar da ake harhaɗawa ce: nagatif da lensi da takarda dole su yi daidai da juna, in ba haka ba kusurwa ɗaya ta fito tar ɗaya ta dushe. A kan ƙafa uku, wannan yana nufin zaman awo da ma'aunin magina duk daren da za ka yi bugu. Shawarata ita ce ka kai wa mai walda zane ya yi maka hannu na ƙarfe, ka kafe shi a bango sama da tebur, ka yi awon sau ɗaya ka huta.

Takarda mai inci 8 da 10 ninki biyu ne kacal na nagatif ɗin, shi ya sa ba ka ganin ƙwayar fim ko da madubi. A ƙarƙashin jar fitila sai ka yanki siririn ƙyalle na takardar Multigrade, ka ɗora inda sama ta haɗu da dutse, ka rufe shi da kwali, ka kunna inlaja, ka riƙa janye kwalin kaɗan-kaɗan daƙiƙa uku-uku. Ka tsoma a tiren sinadarin wanki. Daƙiƙa goma na farko ba komai, sannan inuwar dutse ta fara tasowa, kafin minti ya cika komai ya zauna. Daga matakan nan za ka zaɓi lokaci, daga filtoci masu lamba 00 zuwa 5 ka zaɓi ƙarfin baƙi da fari. Hoton Kufena a lamba 2 ya tsaya, amma karan gaba ya nemi nutsewa, sama kuma ta yi fari da yawa. Sai na liƙa guntun kwali a bakin siririyar wayar ƙarfe ina kaɗa shi a kan karan na 'yan daƙiƙu don in rage masa haske, bayan agogo ya tsaya na huda wani kwalin na ƙara wa sama rabin lokacin, hannu bai daina motsi ba don kada a ga iyaka. A bugu na uku tsagar dutsen ta fito da lasar rana a gefenta, har ana ƙirga ganyen da ya rage a jikin kara. Ban taɓa ganin wannan a fuskar kwamfuta ba, ko da nagatif ɗin guda ne.

Takarda iri biyu ce. Mai rufin roba tana ɗauraya cikin minti biyu, ta bushe a miƙe. Mai zare ta fi zurfin baƙi da daɗin taɓawa, amma tana neman kusan awa guda a ruwa mai gudana, kuma da hunturu tana nannaɗewa idan ta bushe sai an danne ta kwana da kwanaki. Wanda 'yan garuwa ke kawo masa ruwa ya yi wa kansa adalci, ya zauna kan mai roba, ya ajiye mai zare don hoton da zai shiga firam.

Takardar nan ma tana iya zama fim. Ka yanka ta daidai kube, ka rage mata kamar milimita biyu don ta shiga, ka auna ta a saurin 3 zuwa 6. Ana loda ta a jar fitila ido na gani, a wanke ta a tire, a kifa ta kan wata takardar a danne da gilashi a haska, hoto ya fito. Da irin wannan dabara masu hoton fasfo na da suke aiki a bakin gidan waya da kotu, da akwatinsu da baƙin ƙyalle. Mai koyo ya ɓata takarda ashirin a haka kafin ya taɓa fim, zai rage asara mai yawa.

Fim da takarda da sinadari daga waje nake odarsu, kuma nan ne kuɗin gaske yake tafiya, ba sau ɗaya ba, kullum. Sinadarin gari irin ID-11 ya fi na ruwa sauƙin tafiya. Idan ɗan'uwa ne zai riƙo maka fim a jirgi, ka gaya masa kada ya sa a jakar da ake aunawa, ya kuma roƙi a duba da hannu, saboda Kodak da Ilford duka sun yi gargaɗi cewa sababbin na'urorin CT na filayen jirgi suna lalata fim. Ya kuma san cewa kwalin falle ba a buɗe shi a haske ko wa ya nema. Idan ya iso, a sa a leda a ajiye a firji, ranar aiki a fito da shi ya huce kafin a buɗe, don kada raɓa ta kwanta masa.

Wanda yake da ɗakin da zai iya toshewa, da haƙurin hoto shida a yini, da sha'awar riƙe takarda a hannu, Intrepid da inlajarta za su ishe shi shekaru, kuma ragowar kuɗin da bai kashe a akwati ba ya zuba shi a lensi. Idan lensin ya iso, kafin ka sallami mai kaya ka haska tocila ta cikinsa ka nemi zaren fumfuna ko dushi tsakanin gilasai. Sannan ka saita shota a daƙiƙa ɗaya, ka ɗana, ka kara a kunne ka latsa. Ƙarar ta tafi santal ta tsaya daidai da agogo. Idan ta ja ƙafa ko ta sarƙe a tsakiya, man cikinta ya bushe, sai ka nemi ragin kuɗin gyara ko ka mayar.